Rage kaya a gida: kurakuran da muka fi yi a Yamai da yadda za a gyara su

Sau uku na tashi daga gidan haya a Yamai cikin shekara takwas, kuma a tashi na uku ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. Akwai kwalaye huɗu da aka ɗaure da igiya tun tashin farko. An kai su gida na biyu da na uku ba a kwance ba, ga shi kuma ana shirin ɗora su a amalanke zuwa na huɗu. Da na yanke igiyar ɗaya, sai na tarar da kofunan tangaran naɗe cikin tsohuwar jarida, gara ta cinye gindin kwalin, kyankyasai sun yi gida a ciki. Shekara takwas ina biyan hayar wurin da suke kwance, ina biyan masu dako, ina kakkaɓe ƙurar da ke kansu, ban taɓa shan ko ruwa da ɗayansu ba.

Ranar na ɗaura niyyar rage kaya. Na yi tuntuɓe da yawa kafin in gane hanya, kuma ina ganin ƙawaye da maƙwabta suna faɗawa ramukan da na faɗa. Kusan duk tushen abin ɗaya ne: muna ganin hotunan ɗakunan Amurka da Japan a Facebook da TikTok, fari fat, daga kujera ɗaya sai tukunyar fure, mu ɗauka cewa fili a ɗaki shi ne ma'auni. Mai wancan ɗakin wutarsa ba ta ɗaukewa, famfonsa ba ya ƙafewa, ba kuma wanda zai yi masa sallama da dare da mutum biyar daga ƙauye. Tambayar da ta dace da mu ita ce: kayan nan wa suke yi wa aiki? In ke suke yi wa, ko baƙonki, ko maƙwabciyarki, su zauna. In idon mutane kaɗai suke yi wa, su ne nauyin da za a sauke.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne taɓa kaya ba tare da shawarar masu haƙƙi a kansu ba. Na fara da armuwar ɗin jere, na rabar da samiru da langa-langa a yini guda. Bayan wata biyu Inna ta zo daga Tawa. Ta wuni a mota ta Ƙonni da Dogon Dutse da Doso, amma ko ruwa ba ta gama sha ba idonta ya kai wurin.

"Ina samirun nan masu ruwan ƙwai?"

"Inna, na rabar. Ba na amfani da su."

Ta ajiye kofin a hankali, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Kwasar adashina uku ce ta tafi a kansu. Da kin gaya mini, ai ga auren ƙanwarki nan tafe."

Ba faɗa ta yi ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Kayan ɗaki mallakar mace ne, gaskiya, amma gumin uwa da gwaggo da inna ƙarama yana cikinsu. Kafin ki fitar da ko murfi ɗaya, ki kira wadda ta yi miki jeren, ki ce, "Kayan nan sun yi mini yawa, ko akwai wadda za a yi wa aure a dangi?" Sau da yawa za ki ga kin sauke wa gidanku rabin ɗawainiyar aure mai zuwa, kuma abin da zai zama ɓacin rai ya koma sa albarka. Haka ma kayan maigida, na abokiyar zama, na uwar miji, har da na yaran da suka yi wayo: ba hurumin ki ba ne. Ki fara da akwatinki. Maza kuma su ji wannan da kyau, don na san gidan da miji ya kira mai sayen tsoffin kaya matarsa tana unguwa, ya ce yana gyaran gida ne. Shi kuwa tsoffin wayoyi da rediyon da ya zo da su daga Abijan, waɗanda suka mutu tun tuni, suna nan jibge a ƙarƙashin gado. Kowa ya share ƙofarsa tukuna.

Na biyu shi ne aro ƙa'idar da ba a yanka ta da yanayinmu ba. Za ki ji ana cewa duk abin da ba ki taɓa ba cikin wata uku ko shida, fitar da shi. A Yamai wannan shawara za ta cuce ki. Bargon da ya kwana wata goma a ƙasan akwati, a Disamba da Janairu za ki neme shi ido rufe. Tabarmi da gidan sauron kwanan tsakar gida sai Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ɗaki ya gagari kwana. Babbar tukunya da faffaɗan tire da wuƙaƙen fiɗa sai Babbar Salla, ranar da titunan gari ke cika da hayaƙi, an banƙare raguna a jikin sanduna an kewaye wuta da su. Saboda haka ma'auninmu shekara ce cur, wadda ta ratsa zafi da damina da sanyi da azumi da layya. Ki rubuta kwanan wata a jikin kwalin da kike shakka a kansa. In shekara ta zagayo ba ki buɗe ba, to kin sami amsa.

Akwai kuma kayan da ko shekara biyu suka yi a ajiye ba a fitar da su, domin su ne garkuwar gida: randa, jarkoki da duro na ruwa, murhun gawayi, fitila mai caji, mafici. A watan Agusta na 2023, da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya, firigo ya zama akwati kawai a gidaje da yawa. Waɗanda suka raina randar ƙasa suka fitar da ita don ta ɓata musu tsarin tsakar gida, su ne suka riƙa aika yara maƙwabta roƙon ruwan sanyi. Abin da za ki rage a nan shi ne maimaici. Fitila biyu masu aiki sun fi bakwai da biyar cikinsu suka mutu kina jiran ranar gyara. Babbar tukunyar suna kuwa ba dole kowane gida ya mallaki tasa ba. A layinmu gida huɗu muke da guda ɗaya, tana zaune wurin wadda ta fi mu fili, kuma ba a taɓa yin rigima a kanta ba.

Sai batun da na fi so a tsaya a kansa, wato kasa bambance tarkace da dukiya. Iyayenmu ba don son tara kaya kawai suke cika akwati da turamen atamfa ba. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, sun koyi darasin da ba ya gogewa: kuɗin takarda yana iya narkewa a hannu, amma zinariya da turmin zane mai kyau da tunkiya a turke suna riƙe ƙimarsu. Buhun hatsin da aka saya da kaka, kafin farashi ya hau da bazara, shi ma ajiya ce, ko da ya tare kusurwar ɗaki. Wadda ta kwashi irin waɗannan ta miƙa wa dillaliya a gaggauce don ɗaki ya yi fili, ta fasa asusunta ne da hannunta. Dillaliya kuwa tana gane mai gaggawa tun daga sallama.

Ga yadda nake rarrabewa yanzu. Turmin da ba a yanka ba, in mai daraja ne, dukiya ne: a sa shi a akwati mai rufi, nesa da danshin ƙasa, a riƙa fito da shi yana shan iska. Da zarar almakashin tela ya shiga, ya tashi daga dukiya ya koma tufa, kuma tufar da ba a sawa ba ta ƙara komai sai nauyi. Nan ne ainihin cunkoson yake. Ki zazzage ɗinkakkun kayanki a kan gado ki ƙirga. Ni da na yi, na sami kala arba'in da ɗaya, waɗanda nake sawa a kai a kai ba su wuce goma sha biyu ba. In kuma za ki sayar da wani abu mai ƙima, ki tambayi farashi wuri uku, a Babbar Kasuwa ko Wadata, kafin ki buɗe baki da dillaliya, kuma kuɗin ya tafi wurin da aka tanada masa tun farko: kuɗin lakwal na yara, biyan bashi, ko jari.

Kuskure na gaba gajere ne amma yana da muni: mai da sadaka juji. Riga ta yage, ta koɗe, hammata ta ci, sai a cusa a leda a ce a kai wa almajirai. Aya ta 267 cikin Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummunan abu mu bayar, wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Abin da za a bayar a wanke shi, a goge, a ninke, a kuma san wa za a ba, don kaya su dace da jikinsa da shekarunsa. Wanda ya mutu ya zama tsumman goge ɗaki. Fasassun tukwanen alminiyam da ƙarafa kuwa suna da masu saye a kasuwar Katako, inda maƙera ke narka su su zuba sababbin tukwane. Ba sai sun ƙare a kwata suna toshe hanyar ruwa da damina ba.

Amma duk wannan zuba ruwa ne a kwando in ba a toshe ƙofar da kaya ke shigowa ba, kuma a nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Wata shida bayan gyarana na farko, akwatin ya sake cika. Da na bi sawu sai na ga ƙofofi uku ne. Ta farko anko: a shekara ɗaya na yi tara, kowanne da kuɗin zane da na ɗinki, kuma bakwai cikinsu sau ɗaya na sa. Ta biyu masu kawo kaya har gida "ki ɗauka, ki biya a hankali", da masu talla a WhatsApp da ke sa ki ga abu da dare ki wayi gari kina jin ba ki iya rayuwa sai da shi. Ta uku ranar kwasar adashi, in kuɗi ya zo hannu ba a riga an yi masa suna ba.

Anko shi ya fi wuya, domin zumunci ne ake taɓawa. Abin da ya yi mini aiki shi ne in je da kaina wurin uwar biki tun da wuri, in ce, "Hajiya, bana ba zan samu yin anko ba, amma ga gudummawata, kuma ranar girki da ni za a yi." In sa kaya mai kalar da ta yi kusa da nasu. Na ƴan uwa na jini ina yi, sauran na bari. An yi ƙananan maganganu a farko, ba zan ɓoye ba. Amma ban ga uwar bikin da ta mayar da jika biyar a hannu ta ce ita zane take so in saya ba. Mai kawo kayan bashi kuma kalma ɗaya ta ishe ta: "Bari in kwana bakwai a kai." Abin da ya wuce mako yana ranki, wataƙila buƙata ce. Mafi yawa ba sa kai kwana uku. Adashi kuwa, tun ranar zubin farko ki faɗa wa uwar adashi ko wata aminiya abin da za ki yi da kwasarki, don ki ji kunyar canzawa.

Wasu kuma sai su shiga kasuwa don su rage kaya, abin mamaki. A sayar da gadon katako mai ƙwari da ya haura shekara ashirin, a sayo farar kujera da fararen labule irin na hoto. Jar ƙurar Yamai ba ta barin fari ya kai mako. A sayo robobin ajiya goma don a shirya tarkacen da fitarwa ya kamata a yi. Kada ki sayi komai a wata ukun farko. Bayan nan, in abu ya lalace, ki maye shi da mai ƙarko ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado: bokitin robar da rana ke fasawa duk bayan wata huɗu ya fi na ƙarfe cin kuɗi.

Akwai wani abu da ake haɗawa da tarkace a ƙone, ya zama nadama: takardu. Takardar haihuwa, ta fili, ta makaranta, katin rigakafin yara, rasit na haya. A daminar 2020, da kogi ya cika ya shiga unguwannin Haro Banda irin su Lamorde, wata ƴar uwarmu ta fito cikin dare da goyo a baya da jaka ɗaya a ka. Katifu da armuwar sun tafi, amma takardunta duka suna cikin leda biyu a jakar nan, domin wuri ɗaya take ajiye su kullum. Tun daga lokacin nawa ma suna rataye a ƙusa, sama da kai, inda ko cikin duhu hannuna zai kai.

Na bar wannan a ƙarshe don shi ne ya fi saurin shiga zuciya ba a sani ba: rage kaya ya rikiɗe ya zama rowa, ko wa'azi a kan mutane. Gidan Yamai masauki ne. Mai jinya zai zo daga Ader, ɗalibi zai zo neman gurbi a Jami'ar Abdou Moumouni, mai neman fasfo zai kwana biyu ya zama goma. In kin rage kwanoni zuwa adadin mutanen gidanki cif, kin gaya wa baƙo ba a shirya da shi ba tun kafin ya zauna. Kada kuma ki shiga ɗakin amarya kina taɓe baki a kan jerenta, ba ki san abin da uwarta ta sha kafin ta haɗa shi ba. Ni da na gama rage nawa, na bar tabarma shida, katifa biyu ƙanana da ake naɗewa, buta uku, da kwanon ci goma sha biyu, alhali mu biyar ne a gidan. Makon jiya ma mutum huɗu suka sauka daga Tawa da mara lafiya, kowa ya sami wurin kwanciya, a daidai kusurwar da kwalayen nan huɗu suka saba zama.