Inshorar tafiya a jirgin ruwa na shaƙatawa: kurakuran da na gaji da gani

Tun da jiragen ruwa na shaƙatawa suka fara ɗibar fasinja daga Jidda a 2021, ga kuma na Dubai da suka daɗe suna zagaya Abu Dhabi da Doha da Maskat, mutanenmu sun shiga harkar da ƙarfinsu. Wani ya gama Umara ya ɗora da mako guda a teku, wani ya nufi Basalona ta Sifaniya ya zagaya Bahar Rum da iyalinsa. Tambayar da ake ta maimaita mini ita ce, "Inshorar nan dole ce, ko in bar kuɗina?" Ka saya, wannan ba abin dogon tunani ba ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne yawancin waɗanda suka saya ma takarda kawai suka riƙe, ba su san abin da ke cikinta ba sai ranar da ake nemansa.

Na farko, inshorar biza. Duk mai neman bizar Shengen, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum ƙasashen Turai da dama, sai ya kawo inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, don haka ejan yakan haɗa maka mafi araha ya cusa cikin takardu, biza ta fito, kowa ya manta da ita. An yi ta ne don ofishin jakadanci ya gamsu. Jirgin da ya tashi daga Italiya ko Sifaniya yana iya tsayawa a Tunis, ko Istanbul, ko Kotor ta Montenegro, kuma babu ɗayansu da ke cikin Shengen. In ƙafarka ta karye a can, takardar da aka rubuta wa ƙasashen Shengen kaɗai ba ruwanta da kai. Wasu kamfanonin kuma sun ware tafiyar jirgin ruwa daban, sai ka ƙara kuɗi kafin su ɗauki abin da ya same ka a tsakiyar teku. Ni dai nakan ɗora jerin garuruwan da jirgin zai tsaya kusa da takardar inshora, in bi su ɗaya bayan ɗaya da biro. Wanda bai shiga ba, a canza takarda.

Akwai kuma masu zaton tunda an ce abinci da ɗaki suna cikin tikiti, likitan jirgi ma kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Ganin likita kuɗi, allura kuɗi, ƙarin ruwa kuɗi, a dala ko Yuro, kuma kai tsaye ake ɗora shi kan katin ɗakinka, ka biya kafin ka sauka. Asibitin jirgi ma ƙarami ne, aikinsa ya tallafe ka zuwa gaɓa. Da ciwo ya fi ƙarfinsu sai su sauke ka a tasha ta gaba da akwatinka, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa.

To a nan ne zan daɗe, domin wannan ya taɓa aljihuna. Ɓoye ciwo.

Na taɓa raka kawuna irin wannan tafiya. Da muka zo cike fom ɗin inshora, akwai wurin da ake tambaya ko mutum yana da wani ciwo da yake shan magani a kansa. Na ce, "Kawu, hawan jinin nan fa?" Ya ce, "Kai yaro, wane hawan jini? Ɗan abin da ba ya hana ni komai? Rubuta babu, kada su ƙara mana kuɗi." Na sake magana, ya ɗaure fuska, ya karɓi wayar ya danna da kansa. Wanda ya tashi a gidan Hausa ya san inda gardama da babba take tsayawa. Ana tsakiyar tafiya, da asuba, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Likitan jirgi ya buɗe jakarsa ta hannu, ga ƙwayoyin hawan jini nan cikin leda, har da rubutun kemis a jikin kwalin: ɗaya da safe, ɗaya da dare. Ya rubuta abin da ya gani a rahotonsa, kuma aikinsa ke nan. Aka sauke mu a wani gari na gaɓar Italiya, aka ba Kawu gado. Da na kira kamfanin inshora, abin da suka fara nema rahoton likita ne, kuma da suka karanta magana ta ƙare: ciwo ne da aka sani tun kafin a sayi inshora, ba a faɗa ba, ba za su biya ba. Kuɗin asibiti, kuɗin otal ɗina, sabbin tikitin dawowa, da kujera mai kwanciya da likita ya ce dole sai a ita zai zauna, duk a kanmu suka faɗo. Kawu ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma filin da nake tanadi a kansa a nan ya tafi.

Don Allah, wace irin dabara ce mutum ya biya dubban daloli na tikiti, sannan ya yi ƙarya a fom don ya tsira da abin da bai kai kuɗin tsarabar turare ba? Hawan jini, ciwon suga, asma, tiyatar da aka yi bara, ciwon ƙoda, duk a rubuta. Za su ƙara kuɗi, ko su ce ba su ɗauki wannan ciwon ba, sai ka nemi wani kamfanin tun kana gida. Yanzu duk dattijon da zan cike wa fom, sai na ce, "Baba, a kawo mini ledar magani," in kwafa daga jikin kwali. Wanda ya ƙi, ya nemi wani ya cike masa.

Mutane kuma suna ruɗewa kan batun kwashe mara lafiya. Sun ga hotunan jirgin ruwan shaƙatawa Viking Sky a Maris na 2019, lokacin da injinansa suka mutu a gaɓar Norway aka ɗauke mutum kusan 480 da jirage masu saukar ungulu, sai su ce ai hukuma ce ke ceto. Gaskiya ne, ceto daga teku galibi aikin hukumomin gaɓa ne. Amma da sun ajiye ka a ƙasa nasu ya ƙare. Jirgin ɗaukar marasa lafiya daga Turai zuwa Abuja ko Yamai, da likita da nas a ciki, dubban daloli ne masu yawa, yana iya haɗiye Yuro 30,000 ɗin nan shi kaɗai. Wannan layin nake fara dubawa a kowace takarda, kafin na kaya, kafin na komai. Ni ba na karɓar wadda ba ta ninka mafi ƙarancin biza sau da yawa ba.

Sai lokacin saye. Ranar da ka biya kafin alƙalami na jirgi, ranar za ka sayi inshora. Kamfanonin jiragen nan, yadda tafiya ke matsowa haka kason da suke riƙewa ke ƙaruwa in ka fasa, a makonnin ƙarshe kuma sau da yawa ba a mayar da ko sisi. Inshorar da ka saya bayan mahaifiyarka ta kwanta asibiti ba za ta biya maka fasawar ba. Kuma ƙin ba da biza, wanda yakan kayar da mai fasfo ɗin Najeriya, yawancin takardu ba su ɗauke shi ba sai in an rubuta ƙarara. Shi ya sa ba na biyan cikon kuɗin jirgi sai biza ta shigo hannu, ko da ɗaki mai baranda zai wuce ni.

Masu sauka a garin da jirgi zai tashi ranar tashinsa, ku ma kun ishe ni. Daga Kano ka bi ta Addis Ababa ko Alƙahira, jinkirin awa uku ya isa ka tarar da tasha wayam, jirgin ruwa kuwa ba motar tasha ba ce da za ta jira ka ta cika. Ka isa da kwana ɗaya a gaba, biyu ma ya fi. Haka in ka fita yawo da kanka a garin da aka tsaya ka makara, tafiya za su yi, kai ka san yadda za ka cim masu.

Sauran ƙanana ne. Mai ciki da za ta shiga mako na 24 yayin tafiyar, yawancin kamfanonin jiragen ruwa ba sa ɗaukarta, a lissafa kafin a biya. Babur ɗin ruwa da nutso da babur ɗin sahara sukan zo cikin abubuwan da aka cire daga inshora. Asarar yaƙi ma haka, kamar yadda masu tikitin Bahar Maliya suka gani da aka riƙa karkatar da jirage bayan hare-haren 'yan Houthi daga ƙarshen 2023. Gwal da agogo masu tsada a bar su a gida, iyakar da aka sa wa kaya ba ta kai su. Masu ƙyamar inshora saboda addini, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, ku tambayi kamfanonin ko suna da na tafiya da ya haɗa da teku.

A jirgi kai ne za ka fara biya, daga baya ka nemi a mayar maka, don haka ka tafi da katin dala mai kuɗi a ciki. Kada ka sauka sai ka karɓi rasit da rahoton likita mai hatimi. Lambar gaggawa ta kamfanin inshora kuma ka rubuta ta a takarda ka sa cikin fasfo, ka ba abokin tafiyarka kwafi, a kira su tun kafin a ba mara lafiya gado in da hali.