Yadda Nake Karanta Waƙa Idan Zuciya Ta Ƙi Kwanciya

Shekarar da mahaifina ya kwanta jinya, ni nake kwana wurinsa. Barci ya ƙaurace mini, sai latse-latsen waya har idona ya yi jawur. Wani tsohon littafin rubutattun waƙoƙi mai yagaggen bango ne ya rufa mini asiri, kuma har yau ga yadda nake yi.

Zaɓi gajeriyar waƙa. Baiti uku sun isa, ko ma baiti guda na ƙwar biyar, wato mai layi biyar. Kife wayarka, ka zauna.

Sai ka karanta a bayyane, nan ne maganin yake. Karatun zuci gaggawa gare shi: ido na tsallake kalmomi, tunanin bashi da na aiki na kutsowa. Amma da ka buɗe baki, dole ka bi karin waƙar. Ja numfashi a farkon ɗango, wato layin waƙa, ka riƙa sakinsa sannu a hankali har ka dire kan amsa-amon ƙarshen layin, ka ɗan dakata kafin na gaba. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Rera dogon ɗango na rage wannan adadin, fitar da numfashi a hankali kuwa na sassauta bugun zuciya. A wani bincike da aka buga a 2004, masana a Jamus sun auna mutane suna rera tsohuwar waƙar Girka, suka ga numfashinsu da bugun zuciyarsu sun daidaita da juna.

Maimaita sau uku. Kada ka tsaya fashin baƙi, ba jarrabawa za ka rubuta ba. Ɗangon da ya tsaya maka a rai, rubuta shi a 'yar takarda ka jefa aljihu. Nawa yakan kwana uku yana bina.

Daga nan ka karanta wa wani. A Liverpool ta Ingila akwai ƙungiyar The Reader, aikinta ke nan, tara mutane a karanta a bayyane a tattauna. Idan damuwar ta yi tsanani, a haɗa da ganin likita.

Ni ban yi niyyar karanta wa kowa ba. Wani dare ina rerawa ƙasa-ƙasa, na ɗauka Baba ya yi barci, sai na ji ya ce, “Koma baitin can. Sauri kake yi.” Na koma. Muka yi ta yi har aka zo auna masa jini.