Darasi na 9: Karen da ba ya rabuwa da mai shi

Akwai karen da in ka tashi ya tashi, in ka zauna ya zo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafarka. Ka ɗauki buta, yana biye da kai. Ka fito daga bayan gida, ka tarar da shi a bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya kamar ka shekara ba ka nan. Wanda ya ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta yakan ji daɗin haka da fari. Daga baya sai abin ya zama ɗawainiya. Ranar kasuwa ka fita, shi kuma ya wuni yana kuka, yana tonon gindin ƙofa, maƙwabta suna tsaki.

Daga ina wannan hali yake zuwa? Wani lokaci tun daga yaye ne. Kwikwiyo yana bukatar sati 8 tare da uwarsa. In an ɗauke shi kafin nan, sai ya maƙale wa wanda yake ba shi abinci. Amma sau da yawa mu ne muke koya masa. Kana cin tuwo, ya zo ya tsura maka ido yana ƙugi, ka jefa masa loma don ya ƙyale ka. To, ya gane ke nan: naci yana kawo tuwo. Gobe ma zai dawo.

Maganin shi ne kare ya sami wurinsa. Ka shimfiɗa masa tsohon buhu a inuwa, inda zai riƙa hango ƙofar gida. Ka ajiye kaskon ruwansa a gefe. Ka kai shi kan buhun, ka ce "kwanta". In ya kwanta, ka ba shi ɗan guntun nama. Sai ka ja baya taku uku, ka dawo, ka sake ba shi. Washegari ka shiga ɗaki na minti ɗaya. Jibi minti biyu, sannan biyar, sannan goma. In ya taso ya biyo ka, ka mai da shi ba tare da tsawa ba, ka rage lokacin. Kalma ɗaya za a riƙe, kuma kowa a gidan ita zai faɗa, har yara. Aikin yakan ɗauki makonni, sai an yi haƙuri.

Duka ba ya gyara wannan. Karen da tsoro ya sa yake bin ka, in ka doke shi ka ƙara masa tsoron ne. Haka kuma in za ka fita, ka fita kawai, ban da doguwar sallama. In ka dawo yana tsalle, ka bari ya natsu kafin ka shafa kansa. Ka riƙa tafiya gona da shi da safe, domin karen da ya gaji barci yake nema.

Sai batun lasa. Kwanonsa daban, na mutane daban. In ya sa baki a ƙwaryar gida, a wanke ta sau bakwai kamar yadda hadisi ya zo da shi. Yara su wanke hannu da sabulu bayan wasa da shi. A duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, tunda kullum yana jikin mutane. Kada a ba shi albasa ko goro, suna cutar da shi. Ƙashin kaza dafaffe ma yana tsagewa ya soke shi a ciki.

Abu guda kuma yana bukatar lura sosai. In karen da bai saba shige wa mutane ba ya wayi gari yana manne maka, ko mai fara'a ya koma ɓuya, wataƙila ba shi da lafiya. Ciwon haukan kare ma yakan fara da canjin hali irin wannan. A ware shi, kada yara su taɓa shi, a kira malamin dabbobi. Allurar rigakafin cutar ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Aikin gida: ka rubuta a littafinka ranar da aka yi wa karenka allura ta ƙarshe, da ranar da ya kamata a sake yi masa.