Ka sayi sabuwar Land Cruiser 79? Ga yadda za ka zauna da ita a watannin farko

Wata uku ke nan da muka ɗauko tamu, akori-kura mai gida ɗaya, dal a leda, injin dizal ɗin nan 1HZ mai silinda shida. Sojoji da 'yan kwangila a nan suna ce mata Buffalo. Mun saye ta ne saboda shiga ƙauyuka ɗaukar riɗi da zoɓo, tsakanin Gumel da Maigatari har mu leƙa Machina, hanyoyin da ƙaramar mota in ta shiga sai dai a janyo ta. To abin da na fahimta a ɗan zaman nan shi ne, motar sabuwa ce amma halinta na tsofaffi ne, tun 1984 ake ƙera wannan jerin na 70, injin kuma tun 1990 yake, ba wani abin kirki aka sauya masa ba. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka rarrabe abin da yake halinta da abin da yake ciwo, don kar ka kwashe ta ka kai wa bakanike ya kwance maka abin da lafiyarsa ƙalau.

Fara da ranar da ka karɓo ta. Kafin ka hau titi ka tsaya wajen mai faci a gwada iskar tayoyi, yawanci a cike tam suke zuwa, kuma bayanta safirin ne na faranti wanda aka yi don ɗaukar kusan tan guda, in babu kaya a baya ga taya ta sha iska, wallahi kowane ɗan rami sai ka ji shi a ƙugunka. Ni ranar farko daga Kano zuwa Gumel na sauka ina dafe da baya, har na fara tunanin ko shokozoba ce babu kyau. Lafiyarta lau. Akwai takarda manne a jikin ƙofar direba da ta nuna iskar da ake so in babu kaya da in an yi lodi, ita za ka bi. In kuma za ka yi yawo a gari babu komai a baya, jefa mata buhu uku ko huɗu na wani abu, ko yashi ne, za ka ji ta kwantar da hankali kamar ba ita ba.

Kilomita 1,000 na farko a bi ta a hankali. Kar ka taka totur har ƙasa, kar ka riƙe gudu ɗaya na tsawon awanni, ka riƙa hawa kana sauka, kar ka janyo wata mota ko tirela, birki ma a guji na gaggawa a farkon-farko. Kuma kar a ja ta a babbar giya tana kukan wahala, in ka ji inji na shaƙewa sauko giya ɗaya. Da safe in ka murɗa makulli akwai 'yar fitila mai kamar naɗaɗɗiyar waya da za ta kama a dashbod, jira ta mutu sannan ka tayar, musamman lokacin hunturu. Bayan kilomita dubun nan a sake bin notunan taya da sifana ɗaya bayan ɗaya, su kan ɗan saki. Baƙin mai kuwa ni duk kilomita 5,000 nake juyewa da filtarsa, ƙurarmu da zafinmu ba irin na kowa ba ne.

Maganar gudu, a cire rai tun yanzu. Dokinta 129 ne kacal, babu tabo (turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi), ga nauyi sama da tan biyu. Kana kai 100 ko 110 a giya ta biyar za ka ji inji na ruri, iska na kaɗa madubi, hira ma sai da ɗaga murya. In za ka wuce tirela sai ka yi lissafi tun daga nesa kamar mai shirin tsallaka kogi. Za ka samu masu ce maka kawo a ɗora mata tabo ta zama jirgi, ni dai shawarata a'a, ba a gina cikin wannan injin don wannan zafin ba, abin da ya sa yake daɗewa ai shi ne rashin takura masa. In gudu kake so akwai mai fetur V6 lita 4, akwai kuma wadda ta fito a 2023 mai lita 2.8 da giya otomatik, tun a wajen saye ake yin wannan zaɓin.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, giyar taimako, wato wadda ke sa tayoyi huɗu duka su ja. Don a nan na sha kunya.

Ƙaramin sandan giya da ke kusa da babban yana da H2, H4, N da L4. A H2 tayoyin baya ne kawai ke ja, nan za ka zauna kullum a kan kwalta. H4 da L4 su ne na taimako, L4 ta fi ƙarfi amma a hankali take tafiya. Amma a irin tamu, tura sandan nan zuwa H4 kaɗai ba ya wadatarwa, a tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani ɗan murfi da ake murɗawa da hannu, an rubuta FREE gefe ɗaya, LOCK ɗaya gefen. In yana FREE, ko ka sa taimako farfela ce kawai za ta yi ta juyawa a banza, tayoyin gaba ba su san ana yi ba. Sati na biyu da motar, wajen Machina, na faɗa wani rairayi mai laushi da buhu goma sha biyar a baya, na ja sanda zuwa H4 ina taƙama, na ba ta wuta, baya ya yi ta tono har aksul ya kusa zama a ƙasa. Yara sun taru suna kallo, wani har yana cewa sabuwar mota ma tana maƙalewa ashe. Can wani dattijo ya zo a kan amalanken shanu, ashe tsohon direba ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas. Bai ce min komai ba, ya tsuguna gaban tayar gaba ya goge ƙurar murfin da babban yatsa ya nuna min kibiyar, sannan ya ce "Alhaji ai ba ka ɗaure mata ƙafa ba." Ya murɗa dama, ya zaga ya murɗa ta hagu, ya karɓi tsinken ashana ya rage wa tayoyin iska, muka kwashe yashin gaban tayoyin baya da hannu. Ya ce sa L4, giya ta biyu, kar ka taka da ƙarfi. Ta fito kamar wasa. Na ba shi na goro ya ƙi karɓa, dariya kawai yake.

To tsarin shi ne, tun kafin ka bar burji ka shiga yashi ko laka ka tsaya ka kulle duka biyun, kar ka kulle ɗaya ka bar ɗaya. In suna kulle za ka iya shiga H4 kana tafiya a hankali, amma L4 sai ka tsaya cak ka taka kuloci. Da ka dawo kwalta ka mayar H2, don wannan motar ba ta da abin da ke raba juyin gaba da na baya a tsakiya, in ka yi ta tafiya da taimako a busasshen titi sitiyari zai yi tauri, taya na ƙara a kwana, ƙarfen ciki na murɗewa, kuma kuɗin gyaran ba kaɗan ba ne. In sandan ya ƙi fita kar ka yi kokawa da shi, miƙar da sitiyari ka ɗan yi ribas mita kaɗan, zai saki da kansa. Sannan ko ba ka shiga daji ba, duk wata ka kulle murafan nan ka yi kamar kilomita 16 da su don mai ya zaga aksul ɗin gaba, littafin motar ma haka ya ce.

Iskar taya a yashi ita ce rabin aikin. Ni nakan sauke zuwa wajen 20 a ma'aunin iska na PSI, in lodi ya yi yawa na bar na baya sama da haka kaɗan. Amma fa a kula, yawancin waɗanda ake kawowa nan suna zuwa da taya 7.50R16 mai tib a kan rim mai zobe, in ka rage iska da yawa ko ka yi gudu a haka tib ɗin zai yi zafi ya fashe. Sayi famfon iska mai aiki da batir da ma'auni naka na kanka, kana fitowa ka mayar. Rim mai zoben nan kuma ba abin wasa ba ne, in mai faci bai zaunar da zoben daidai ba yana iya fizgewa lokacin ba da iska, ya raunata mutum. Kar ka tsaya a kansa, kar ka bar yaron shago ya leƙa fuskarsa.

Wani hali da zai ba ka tsoro a yashi: za ka ji bayan motar na ɗan rawa, yana neman hanyarsa daban. Tun 2007 da aka faɗaɗa gabanta don injin V8 ya samu wuri, ba a faɗaɗa bayan ba, tazarar tayoyin baya ta fi ta gaba ƙanƙanta da kusan santimita 10, saboda haka tayar baya ba ta taka sawun ta gaba daidai. Tsaya a bayanta ka hango za ka gani da idonka. Ba a yi hatsari da ita ba, shasi bai karkace ba, haka take. Riƙe sitiyari sakwa-sakwa ka rage gudu, kuma babban yatsanka ya zauna a waje, don in taya ta bugi kututture sitiyarin na iya fizgewa. Kwana ma tana son fili, a lungun cikin gari sai ka yi gaba da baya sau uku.

Sai maganar mai. Mai gida ɗaya tanki biyu gare ta, kowanne lita 90, da maɓalli a dashbod na sauyawa. Kar ka bar ɗaya ya ƙare ƙaf kafin ka juya, iska za ta shiga layin mai motar ta mutu, sai ka buɗe bonet ka yi ta danna ɗan famfon da ke saman filtar gas har ya yi tauri. Kuma ka riƙa amfani da su bi da bi, kar gas ya kwana watanni a tanki ɗaya. A ƙasan filtar nan akwai inda ruwa ke taruwa, in ya yi yawa fitila za ta kama. Ta taɓa kama min bayan na sha gas na jarka a wani ƙauye, hankalina ya tashi na ɗauka inji ne, ashe ɗan kunnen da ke ƙasa kawai za ka sassauta, ka danna famfo, ruwan ya zube a gwangwani har ka ga gas zalla, ka ɗaure. Minti biyar. Tun daga ranar ba na fita sai da filta sabuwa a bayan kujera. Tawa a kwalta tana shan kamar lita 12 zuwa 13 a kilomita 100, a yashi da lodi kuwa kar ma ka tambaya.

Bututun nan da ya hau ta gefen gilashi, mutane na ganinsa sai su ɗauka jirgin ruwa suka saya. Na kamfani don ƙura aka yi shi, ya ɗebo iska daga sama, gaɓoɓinsa ba a liƙe suke ba yadda ruwa ba zai shiga ba. Da damina in ka zo mashigi a fadamun Haɗeja sauka ka taka da ƙafa ko ka jira wani ya wuce, in ruwan ya haura gwiwa sosai ko yana gudu haƙura ka zaga. Bayan ka tsallaka ka ɗan riƙa taɓa birki har ya bushe, in kun isa gida kuma a bi farfela da giris, akwai 'yan nonuwan da ake ɗura shi, a duba man aksul ko ya koma fari kamar nono, alamar ruwa ya shiga ke nan. Filtar iska kuma a lokacin hunturu duk sati a ciro a hura daga ciki zuwa waje, ban da buga ta a jikin taya yadda yara ke yi.

Birkin hannu kar ka dogara da shi shi kaɗai, in ka tsaya a gangare da kaya bar ta a giya, ka sa dutse. Tsayuwa ma gaba ɗaya ka ba ta tazara, da lodi ba ta tsayawa nan take.

Ciki kuwa babu wani abin burgewa, gilashi da hannu ake murɗawa, ƙasa roba ce, ƙofa sai ka ɗan buga ta da ƙarfi. Ƙanena da ya shiga ranar farko ya dube ni ya ce yaya, duk kuɗin nan ko wurin ajiye kofin shayi babu? Na ce masa ya riƙe a hannu. A bayan kujera dai yanzu akwai shebur, igiyar ja mai kauri, katako mai faɗi na ɗora jak don kar ya nutse a yashi, jarkar ruwa, da tib guda biyu, safaya kuma kowace Laraba da yamma nake gwada iskarta tunda Alhamis da asuba muke kama hanyar kasuwar Maigatari.