Haɗa kayan aikin wanke rufin gida

'Yan'uwa da dama a nan Maraɗi suna tambayata kayan da za su fara da su, tunda ƙurar hunturu ba ta barin kwano da faifan sola. Ga yadda za ka bi:

1. Sayi tsani mai ƙarfi, wanda zai zarce bakin rufi da mita 1. Hattara da wayar lantarki in na ƙarfe ne, rai ba ya da canji.
2. Nemi ɗamarar tsaro da igiya mai kauri.
3. Samu takalmi mai tafin roba, don jiƙaƙƙen kwano santsi gare shi.
4. Tanadi tsintsiya da ƙaramin shebur na kwashe yashin indararo.
5. Ware buroshi mai laushi na sola kaɗai.
6. Ɗora tankin ruwa a kan amalanke. Lita 1000 nauyin tan guda ce, duba tayoyi tukuna.
7. Haɗa injin feshin ruwa da tiyo mai tsawo.
8. Gwada injin a kan tsohon kwano a ƙasa. Nan ake yawan ɓarna: ƙarfin ruwa in ya yi yawa yana ɓare fenti, ya kutsa ta mahaɗa.

Rufin laka kuwa, kada ka kai masa injin, shara ta ishe shi.