Kurakuran da tsohon mai jifan canji ke yi idan ya zama koci a besbol

A wasan besbol na Amurka, mai jifan canji shi ne wanda ake kira idan hannun mai jifan farko ya gaji ko wasa ya rikice. Yakan shigo a zagaye na bakwai, na takwas ko na tara, ya yi jifa goma sha biyar ko ashirin, ya koma benci. Da yawansu kan zama kociyoyi bayan sun yi ritaya, kuma a nan ne ake gane cewa iya jifa daban, iya koyar da shi daban. Dave Righetti, tsohon mai jifan canji wanda ya yi shekara 18 yana kocin masu jifa na San Francisco Giants, daga 2000 zuwa 2017, misali ne na wanda ya tsallake yawancin ramukan nan.

Babban kuskuren shi ne koci ya so ya mayar da kowane yaro kamarsa. Ya san yadda shi yake riƙe ƙwallo, yadda yake ɗaga ƙafa, inda yake sakin hannu, sai ya ɗauka haka kowa zai yi. Dubi Tim Lincecum, mai jifan farko na Giants a zamanin Righetti: ɗan siriri ne, ba shi da tsayin da aka saba gani, yana murɗa jiki ya yi wani dogon taku kamar zai faɗo daga tudun jifa. Mahaifinsa ne ya koya masa wannan salo tun yana ƙarami. Righetti bahago ne mai tsayi, jifansa bai yi kama da wannan ba ko kaɗan, amma bai rushe salon yaron ba, kuma Lincecum ya ci kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa na shekara, a 2008 da 2009. Gyaran a nan shi ne ka fara da kallo. Ka zauna bayan mai cafe ƙwallo kwana da kwanaki, ka ga inda ƙwallon ke sauka idan yaron yana cikin ƙarfinsa da inda take sauka idan ya gaji. Abin da ya canza tsakanin biyun shi za ka taɓa, sauran ka bar masa.

Sai kuskuren da ya fi ba ni haushi, domin tsohon mai jifan canji ne ya fi kowa sanin zafinsa: mantawa da jifan ɗumama jiki. Waya ta yi ƙara a wurin ɗumama jiki, a ce wane ya tashi. Ya cire riga mai kauri, ya yi jifa ashirin da ƙarfi, gumi ya keto masa, sai wasa ya daidaita a ce ya zauna. Bayan zagaye biyu a sake tayar da shi. A takardar sakamako bai buga wasa ba ranar, alhali kafaɗarsa da gwiwar hannunsa sun yi aiki sosai. Koci ya riƙe littafinsa na kansa, ya rubuta sau nawa kowa ya tashi da jifa nawa ya yi, sannan ya sami ƙarfin halin gaya wa manaja cewa yau babu wane. Kada a dogara da bakin ɗan wasa, don kusan kowannensu cewa zai yi lafiya lau, yana tsoron kada wani ya karɓe masa gurbi.

Wasu kuma sukan bar yaro ya ɗauki komawa jifan canji a matsayin hukunci. Righetti ya san wannan ciwo. A ranar 4 ga Yuli 1983 ya yi wa New York Yankees jifa daga farko har ƙarshe ba tare da ɗan Boston Red Sox ko ɗaya ya samu bugu mai kyau ba, amma a 1984, bayan tafiyar Goose Gossage, mai jifan canjin da ke rufe wa Yankees wasa a zagayen ƙarshe, aka mayar da shi mai rufe wasa. A 1986 ya tsare nasara sau 46, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a lokacin. Shi ya sa da jifan Lincecum ya ja baya a 2012 aka koma sa shi a canji a yawancin wasannin neman kofi, akwai mai yi masa bayani daga abin da ya ɗanɗana, kuma Giants suka ɗauki kofin. Ka faɗa wa ɗan wasa dalili ido da ido, ka gaya masa zagayen da zai riƙa shiga don ya san lokacin shiri.

Yawan magana a kan tudu ma kuskure ne. Tun 2018 aka ƙayyade yawan ziyarar da ake kai wa mai jifa a wasa ɗaya. Idan ka je, kalma ɗaya ta isa: ka rage sauri, ko ka jefa ƙasa-ƙasa. Gyaran salo na filin atisaye ne.

Na ƙarshe, koyar da wasan zamaninka. Tun 2020 dole mai jifan canji ya fuskanci masu bugu uku ko ya kammala zagayen, don haka bahagon da a da ake kawowa saboda mai bugu bahago ɗaya tak yanzu sai ya iya da na dama ma. Agogon jifa ya shigo a 2023, mai jifa na da daƙiƙa 15 ya yi jifa idan babu ɗan gudu na abokan hamayya a kan sansani. A atisaye ka sa agogo a gaban yaranka, ka jera musu bahago da na dama bi da bi, su saba tun kafin ranar wasa.