Tsohuwar bindiga .22 da ka gada, ga yadda za ka riƙe ta

Akwai gidaje nan Katsina da Daura da za ka tarar da tsohuwar bindigar farauta a naɗe cikin tsumma bayan kwaba, ta baba ko ta kaka, irin ƙaramar nan .22 mai ɗana kanta da kanta bayan kowane harbi. Mutane na raina ta wai bindigar tsuntsu ce, to wallahi rainin nan shi ne babban haɗarinta.

Farko dai takarda. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar farauta irin wannan sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma lasisin na mutum ne ba na gida ba, ba a gadon shi kamar gona. In mai ita ya rasu ka je hedkwatar 'yan sanda ka yi bayani su gaya maka abin yi, kada ka saɓo ta a kafaɗa ka hau mashin, ka san halin da jiharmu take ciki, babu wanda zai tsaya sauraron labarin kakanka a shingen bincike.

In takardunka sun cika, abu na biyu ka ɗauka cewa akwai harsashi a ciki, kullum. Da yawan bindigogin nan bututu ne ma'ajiyar harsashinsu, kamar Browning SA-22 wadda aka fara ƙerawa a Beljiyam tun 1914, ita ta cikin gindi ake ɗura mata, ko Marlin 60 ta 1960 mai bututu ƙarƙashin baki. Bututun nan kan riƙe harsashi ɗaya ya maƙale saboda datti, kai kana ganin ka zazzage duka, sai ka ja ƙarfen ɗana ta baya sau biyu ya hau. Don haka ka zare sandar bututun, ka ja ƙarfen ɗanawar ka sake ja, ka leƙa ramin da harsashi ke zama da idonka, bakin yana kallon ƙasa, yatsa nesa da kunama.

Kada ka riƙa danna kunama babu harsashi don jin ƙara. Ita wannan a gefen gindin kwanso, wato ɓawon harsashi, allurarta mai tayar da harsashi take duka ba a tsakiya ba, in babu kwanso sai ta daki ƙarfen bakin ramin, a hankali ta yi masa tabo, daga nan kwanso ya fara maƙalewa, kuma kayan gyaranta ba a kasuwar nan suke ba balle ka ce ka sayo.

Sai wanki, nan ne ake yawan kuskure. Harsashin .22 ƙazami ne, akwai kakin zuma-zuma a jikin dalmar, ga toka, kuma duk yana komawa cikin inda ƙarfen ke kai da komo. Mutum sai ya ga tana cijewa ya tuttula mata mai, to a hunturu mai da ƙurar nan tamu in sun haɗu taɓo suke zama, ta ƙara cijewa. Ka goge da tsohon burushin haƙori da tsumma mai tsabta, mai kuma ɗigo biyu ya isa, ka shafe har sai da ƙyar ake ganin shi. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, kada ka bar ta cikin kube na fata, fata tana riƙe laima. Kuma don Allah kada a kai wa mai walda ko a goge ta da samfefa wai ta yi ƙyalli, baƙin nan na jikinta shi ke kare ƙarfen.

Wajen harbi, tsohon ƙarfe ba ya son harsashi mai tsananin gudu, ka tsaya kan na daidai wanda aka rubuta a jikin bakin. Harsashin nan da kake gani ƙarami yana iya wuce kilomita 2, kuma yana tsalle in ya daki dutse ko ruwa, ga ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya, bayan girbi babu abin da zai tare shi sai makiyayi ko yarinya mai itace. Sai ka ga tudun ƙasa mai laushi a bayan abin da kake auna sannan ka harba. In ka danna ba ta tashi ba ka riƙe ta yadda take, ka ƙirga talatin kafin ka buɗe.

In ka dawo gida, bindiga a kulle wuri ɗaya, harsashi a kulle wani wurin, makullin a aljihunka ba saman ƙofa ba inda duk yaran gidan suka sani.